Noti Tukuna

Chamsiya ce ta tuƙo babanta zuwa garejin Faïçal da ke Gate City Boulevard, don shi Malam Soumaïla bai samu lasisin tuƙi ba tukuna. Wata huɗu ke nan yana zaune a falo yana kallon bango. Yau ko a ɗauke shi aiki, ko ya koma falon.

Shekara talatin yana da garejin kansa a Yamai. Faïçal ɗin ma a hannunsa ya koyi aiki, kuma sai da ya yi shekara biyu yana shara kafin a bar shi ya taɓa sifana. Haka Malam yake yi wa kowa.

"Patron! Sannu da zuwa Amurka," in ji Faïçal, da kiran da ake yi wa maigida a Yamai, ko miƙewa bai yi ba. "Ɗan gwaji ne. Ga bututun birkin motar can, na yanka shi daidai tsawonsa, na gama bakinsa guda. Ka buɗa min ɗayan, ninki biyu. Bututun nan kaɗai ya rage min, sai ka lallaɓa."

Abin buɗa bakin iri biyu ne a kan tebur: sabo mai famfo cikin jan akwati, da tsoho mai murɗawa da hannu. Malam ya ɗauki tsohon, ya shafa haƙoransa da yatsa.

"Wancan na masu gaggawa ne," ya ce.

Chamsiya ta raɓe bakin ƙofa. Ba ta san mota ba, amma abu ɗaya ta sani tun tana ƙarama, don ta sha jin babanta yana daka wa ma'aikatansa tsawa a kai: a zura noti a bututu kafin a buɗa bakin, in baki ya buɗe noti ba ya shiga.

Notin na nan gefen tebur. Tana kallo Faïçal ya ɗora tafinsa a kai.

"Patron, wai an rushe garejin naka? Da gaske?"

Malam ya hau ba da labari, yana matse bututun. Faïçal ya kalli Chamsiya, ya yi mata murmushi. Ta buɗe baki. Ba ta taɓa yi wa babanta gyara a gaban maza ba. Ta mayar da bakin ta rufe.

Malam ya murɗa a hankali, ya sassauta, ya sake murɗawa. Bakin ya fito sumul, ba tsaga ko ɗaya. Ya ɗaga shi sama, fuskarsa ta washe irin yadda ba ta gani ba tun saukarsa Amurka.

"Ma sha Allah! Ousseini, bar wannan tayar, zo ka ga aikin manya." Sai da ma'aikacin ya iso sannan Faïçal ya ɗage hannunsa daga kan notin. "A'a. Wannan kuma na mene ne? Patron, me kake ce mana a Yamai?"

Malam ya sauke bututun a hankali.

"Ban ji ba," in ji Faïçal.

"Noti tukuna," Malam ya ce ƙasa-ƙasa. "Bari in yanke in sake."

"Ya gajarce ke nan, sai shara." Faïçal ya miƙe, ya jawo tsintsiya mai dogon hannu daga bayan ƙofa. "Amma ba zan kore ka ba, wallahi, kai ubana ne. Da wannan ake farawa. Kai ka koya min."

Malam ya daɗe yana kallon notin. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ta Juma'a, ya karɓi tsintsiyar.

"Je ki gida," ya ce, bai waiwayo ba. "Ƙarfe biyar ki dawo. Ki ce wa mamanki an ɗauke ni."