Inuwar Ƙarfe Goma

Shekara goma sha tara Auta ya yi yana hawa rufin gidajen mutane yana kafa musu farantan sola. Ba ya buƙatar agogo. Idan ya ɗaga kai ya dubi rana, zai gaya maka ƙarfe nawa, ya kuma nuna maka inda inuwar bishiyar maƙwabcinka za ta faɗi nan da awa uku. Da duk wannan ilimin ya turo mahaifiyarsa a kujerarta mai taya da ƙarfe goman safe, ya ajiye ta a inuwar katanga don ta sha iska, ya taka mata birki, ya ɗora mata gorar ruwa a cinya.

"Minti ashirin, Inna. Waya ɗaya ce ta saki a gidan wani."

Ƙarfe ɗaya da rabi ya dawo.

Inuwar ta bar wurin tun sha ɗaya. Abin da ya fi cin ransa shi ne yadda ya tarar da kujerar. Ba a karkace take ba. Hannunsa, ba tare da ya nemi shawarar kansa ba, ya juya ta daidai yadda yake juya faranti, inda babu reshe babu bango da zai tare mata rana. Inna ta ja mayafi ta rufe kai, ta shanye ruwan, ta zauna tana jira, domin tun da ƙafafunta suka ƙi, birkin nan ya fi ƙarfinta.

"Sannu da zuwa, injiniya," ta ce. "Na cika caji."

Yanzu ga shi rana ta faɗi, yana durƙushe gaban gadonta da roba da tawul, mutum mai shekara hamsin da biyu wanda har yau ba a daina ce masa Auta ba. Goshinta da kumatunta sun yi zafi. Hannayenta daga gwiwa zuwa yatsu sun bushe sun yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Dama can fatar Inna ba ta da haƙuri; sabulu mai ƙamshi ma ƙuraje yake fesa mata.

Matarsa, malamar makaranta, ta tafi duba takardun jarrabawa na kwana uku. Babu wanda zai tambaya sai takardar da Yaya ta liƙa a ƙofar kwaba.

Yaya ita ce babbarsu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, mai zaune a hawa na uku na wani gidan bene a can ɗaya gefen gari. Tun watanni take cewa a kai mata Inna. Inna kuwa ta ce gidan da ta yi shekara hamsin a ciki, mai tsakar gida da tukwanen furanninta, ba za ta bar shi ta koma inda ake leƙen ƙasa ta taga ba. A ƙarshe aka yi sulhu: Auta zai riƙe ta wata ɗaya a gani. Idan aka sami kuskure, Yaya ta zo da mota. Yau kwana tara. Kuma kullum ƙarfe bakwai na yamma Yaya tana kiran bidiyo.

Ya sa tabarau ya karanta takardar da ya sha wucewa ta gabanta kamar allon talla. Ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba. Ba soso, ba sabulu. A dangwala da tawul, kada a goge. A shafa mai tun fata tana da danshi. A ƙasa, da jan biro: Auta, a hankali, ba rufin kwano ba ne.

Ya jiƙa tawul ya ɗora mata a hannu. Ta ja numfashi ta haƙora, sannan ta saki.

"Yana yi miki zafi?"

"Yana gaishe ni dai."

Ya bar shi minti biyar, ya sake jiƙawa, ya mayar ɗaya hannun, sannan goshi. Ta kai farce za ta sosa, ya riƙe mata yatsu.

"Yaya ta ce ba a sosawa."

"Yaya ta ce kuma ba a shanya mutum."

Ya tashi ya buɗe firji ya ɗauko robar alobera, man ganyen nan mai sanyaya fata, da ya daɗe yana ɗauka wani abin girki ne na matarsa. Ya lakata ya fara shafa mata. Tafin hannunsa, wanda waya da ƙarfe suka mayar kamar takardar goge katako, ya kama fatarta, ta yamutsa fuska. Sai ya juya hannu ya koma shafawa da bayan yatsu. A nan ne ya lura da yadda fatar ta yi siriri, tana tattaruwa gaban yatsansa kamar saman madarar da ta huce. Da waɗannan hannayen ta taɓa ɗaga shi sama da kunne ɗaya.

"Bakwai saura kwata," Inna ta ce. Ita ma ba ta buƙatar agogo in dai maganar Yaya ce. "Kashe fitila. Ka ce an ɗauke wuta."

"Inna, a gidan mai sola?"

"To ka ce batirinka ya mutu."

"Ni na kafa mata nata. Idan na faɗi haka, gobe sai ta ce in zo in cire kayana."

"To ni zan ce barci nake yi."

"Za ta ce in nuna mata ke kina barcin."

Inna ta ɗaga ido ta kalli silin. Da ta sake magana, babu wasa a muryar.

"Ni dai ba na son benen nan, Auta. Rana ɗaya ce. Fata ce, za ta warke."

Ya buɗe farin man shafawa marar ƙamshi, ya ɗumama shi a tafi, ya bi hannayenta da shi tun aloberar ba ta gama bushewa ba. Ya ba ta ruwa ta sha. A ransa ya tsara jimla uku, kowace da ɗan gaskiya a ciki: aiki ya riƙe ni, hanya ta cushe, rana ce ta yi saurin juyawa yau. Ta ukun ta ba shi kunya tun bai faɗa ba.

Wayar ta yi ƙara. Ya jingina ta da kofi, fitila a kunne.

Yaya ba ta ƙarasa gaisuwa ba. "Matso da wayar. Me ya sami goshinta?"

"Ni na same shi," ya ce. "Na bar ta a tsakar gida da ƙarfe goma, na dawo ɗaya da rabi. Kuma na taka birki."

"Ni na ce ya bar ni in sha hantsi," Inna ta ce.

"Inna, ba ki ce ba," Auta ya ce.

Yaya ta ƙura wa goshin Inna ido. Sannan ta fara tambaya. Jiri? Babu. Amai? Babu. Fatar ta tashi da ruwa? A'a. Ta sha ruwa kofi nawa? Huɗu. Me ka shafa? Ya ɗaga robobin ɗaya bayan ɗaya gaban wayar, kamar mai tallan da ba ya sa ran ciniki.

"Saman ƙafarta fa?"

Ya duba. Ya manta da ƙafa. Ya durƙusa ya jiƙa tawul, Yaya tana kallon ƙeyarsa mai sanƙo.

"Kana dannawa da yawa. Ɗora kawai." Ta ja numfashi. "Da ka yi min ƙarya, da daren nan zan zo da mota. Gobe da ƙarfe sha biyu zan zo, da rana tsaka. Idan na tarar da wurin da za a ajiye mutum a gidan nan daga safe har yamma rana ba ta taɓa shi ba, kuma da birkin da hannunta zai iya, za mu ƙarasa watan. In ban tarar ba, ka haɗa mata kaya."

Ta kashe.

Inna ta ɗaga hannayenta da ke ƙyalli da mai ta dube su. "Kana da katakon rumfa?"

"Akwai ƙarafan da ake ɗora faranti."

"To kada ka fuskantar da ni gabas."

Ya sauya mata mayafi da na auduga mai laushi, ya rage gudun fanka. Sannan ya ɗauki abin awonsa ya fita tsakar gida da tocila a hannu, ya tsaya daidai inda tayoyin kujerar suka bar sawu, ya fara lissafin da bai taɓa yi wa kowa ba: inda rana ba za ta kai ba.