Ƙararrawa Ta Uku

...kuma ai ba ta lalace ba, a yi mata adalci. Ƙararrawa ta uku tana kuka kamar 'yan'uwanta biyu, sai dai takan ɗan yi tunani kafin ta buɗe baki. Rabin daƙiƙa. Shi da ya shekara ashirin yana koyar da kimiyya, da agogo ya auna ta. Mece ce rabin daƙiƙa a rayuwar mutum? Ba komai. A gasar tambayoyi kuwa, ita ce komai.

Duka ukun ƙararrawar ƙofa ce, an kafa su a kan katako. Mai gyaran rediyon da ya haɗa su bai ɓoye masa ba: "Malam, da abin da ka ba ni, ka gode wa Allah da ma tana kuka. Ta ukun nan tsohuwa ce, lallaɓa ta za ka yi." Ya lallaɓa. Shekara huɗu ke nan.

Ga shi tsaye, makirufo a hannu. Ɗakin taron makaranta ya cika, fanka ɗaya na aikin biyar, wayar aro a kan kujera tana watsa su kai tsaye ga mutum arba'in da ɗaya, rabi dangi. Zagayen ƙarshe. Kyautar tana kan tebur: kwamfutar hannu da mai kantin magani ya bayar, an ɗaura mata jan ƙyalle daidai inda murfin ya tsage.

Dabararsa ba ta da wuya, har yakan yaba wa kansa a ɓoye. Shi yake zaunar da yara. Wanda ya ga zai iya ɗaukar faɗuwa, shi zai ba ta uku — ɗan masu hali, ko mai faɗin rai da zai yi dariya ya tafi gida. In ba ka iya cike rami, sai ka zaɓi mai faɗawa.

Yau 'yarsa ce a kanta. Babbarsa.

To da wa zai sa? Yaron da ke ta ɗaya maraya ne, har takalmin ƙafarsa na maƙwabci ne. Yarinyar da ke ta biyu tun safe take rawar jiki. Kuma uba alƙali, 'ya ta tafi da kwamfuta... bakin mutane ai ba ya hutun ƙarshen mako. Sai da ya ce mata kada ta shiga. Ta ce, "Baba, na karanta dokokinka kaf, babu inda ka ce ban da 'ya'yan masu furfura." Ya yi dariya. Ya nuna mata kujera. "To, Baba."

Ita ai tana da haƙuri.

Babur ɗinsa yara biyu yake ɗauka, ba uku ba. Ranar nan ƙannenta suna kuka sai sun ga uwarsu a asibiti, ita ba ta kuka. Shekararta sha biyu a lokacin. "Ke ce babba, Mamana, ke gobe." Ta riƙe masa ƙyaure ya fita da babur. Goben ta zo a kan lokacinta, uwar ce ba ta jira ba...

Tambaya. Karanta tambaya, mutane na kallo. Maki sha huɗu ta ɗaya, sha huɗu ta uku, ta biyu ta riga ta sallama. Kati ɗaya ya rage.

"Wace gaɓa ce a jikin ɗan'adam take tace—"

Hannun 'yarsa ne ya fara sauka. Ya gani. Da idonsa, ba labari ba.

Ta ɗaya ta yi kuka. Sannan ta uku, cikin ladabi, kamar mai sallama bayan an rufe ƙofa.

Ihu ya tashi. Malamar lissafi mai rubuta maki ta juyo daga jikin allo, alli a hannu: "Malam, wa ya riga? Ni dai ta ɗaya na ji."

Ta ji daidai. Doka ta biyar: kunne ne alƙali, ba ido ba. Shi ya rubuta ta, ya kuma san dalili. In ya faɗi abin da ya gani fa? Shekara huɗu na gasa, duk yaron da ya taɓa zama a kujerar nan, iyayensu, da wannan marayan da ya miƙe tsaye, amsa na bakinsa... In ya yi shiru kuwa, babu wanda zai sani. Babu wanda zai rasa komai sai—

'Yar tasa ba ta ma kallonsa. Ta harɗe hannu, tana yi wa yaron murmushi: faɗi mana.

Tsaya. Tun fara gasar nan take danna ƙararrawa kafin ya ƙarasa tambaya. Sau biyu ta yi asarar maki a kan haka, har ya tsokane ta a makirufo, "Gaggawa dai, 'yan mata, ba ta haifar ɗa mai ido," ɗaki ya kwashe da dariya. Ita? Yarinyar da ko maɓallin riga sai ta duba sau biyu?

A ƙarƙashin gadonta kwalin ƙararrawar nan yake kwana. Ita take canza musu batir.

Ta sani. Tana ƙoƙarin biyan rabin daƙiƙar ne da kanta, ba tare da ta tona shi ba. Kuma ba lattin kaɗai ta sani ba: shekara huɗu tana kallon yadda yake zaɓar mai zama a wurin. Da ya nuna mata kujerar, ta san abin da ya ce mata.

"Malam? Muna jira fa."

Lasifika na watsa numfashinsa cikin ɗakin, kowa na ji. Kullum shi yake gaya wa 'yarsa za ta iya... yaushe rabon da ya tambaye ta?