Mai Tayar da Dokin Roba

Tun da aka karanta wa Auta littafin nan na kayan wasan da ke tashi su yi yawo idan ba kowa, kullum ta dawo daga makaranta sai ta tarar dokin robarta ya bar kwali ya hau taga. Ita murna take yi. Mamanta kuwa hankalinta ya tashi, don da rana ba kowa a gidan sai tsohon mahaifinta, kakan Auta, wanda tun rasuwar matarsa ya lafe a kujera, ko magana sai da ƙyar. Ta zargi ɓera, ta zargi 'ya'yan maƙwabta, har kwaɗon ƙofa ta canja.

Ran Laraba ta rufe shagon ɗinkinta da wuri, ta lallaɓo ta ɗaga labule. Ga tsohon a durƙushe, yana nishi, yana ɗora 'yartsana a bayan doki.

"Baba, ashe kai ne?"

"Rage murya," ya ce. "A littafin, gobe giwa ce za ta hau tebur. Ina kika jefa ta?"

Ta jingina da bango, ta sauke ajiyar zuciya. Rabon da ta ji kalmar gobe a bakinsa, wata bakwai ke nan.