Littafin Mashkura

Wata bakwai da rasuwar Mashkura, ɗiyarta Zahra'u ta kasa gane ta a hoto.

Ranar, mahaifinta Almustapha ya dawo daga fadamar Wurno, inda yake gyara wa manoman albasa injinan ban ruwa, hannunsa duk baƙin mai. Yarinyar, wadda ba ta daɗe da cika shekara huɗu ba, ta haye cinyarsa ta karɓe waya kamar yadda ta saba. Tana ta turawa har ta faɗa kan wani hoto: mata biyar cikin fararen kaya, tsaye a ƙofar ƙaramin asibitin da Mashkura take aikin karɓar haihuwa kafin zazzaɓin da ya kwantar da ita kwana tara.

"Ina Ummarki?" in ji shi, don wasa kawai.

Zahra'u ta ƙura ido, ta ɗora yatsa a kan ta biyu daga dama. Ba ita ba ce. Uwar tana can gefe tana dariya, rabin kafaɗarta ma bai shiga hoton ba. Almustapha ya kama ɗan yatsan a hankali ya matsar da shi. Yarinyar ta ce "to", ta tura gaba tana neman hoton raƙumi.

Tuwon ranar bai ciwu ba. Washegari bai fita aiki ba, ya jawo akwatin Mashkura daga ƙarƙashin gado, wanda tun ranar addu'ar uku bai taɓa ba. A ciki akwai wata baƙar leda cike da takardu: shaidar gama makarantar koyon aikin lafiya, katin aiki, katin gayyatar aurensu, hotuna goma sha wani abu, da wani ɗan littafi da take rubuta sunayen jariran da ta karɓa. Gara ta riga ta shiga ta ƙasa, ta cinye kusurwar takardu uku. Ya daɗe zaune da ledar a hannu. Ya ga cewa in ya bar su haka, kafin yarinyar ta iya karatu babu abin da zai saura.

Almustapha mutum ne mai gaggawar gyara. Ya fita tireda ya sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare da kwalbar gam na ruwa. Ya zaɓi hoton da ya fi so, na ranar da Mashkura ta gama makaranta, tana tsaye da mahaifinta marigayi, ya malala masa gam a baya kamar mai shafa wa ƙarfe giris, ya danna a shafin farko, ya ɗora dutsen guga a kai. Da la'asar ya ɗaga. Takardar ta jiƙe ta yamutse, hoton ya kumbura, wani ɗanyen tabo ya fito daidai fuskar tsohon. Ya sa farce zai ɓamɓare, hoton ya rabe biyu. Hoton guda ɗaya ne tak, ba a waya yake ba, babu irinsa a ko'ina.

Tun ranar jana'iza bai yi kuka ba, sai ranar.

Kwana biyu bayan nan ya je asibitin ya nemi Sista Christy. Ita 'yar kudancin Kaduna ce, shekara shida suna aiki ɗaki ɗaya da Mashkura, ita ce ma ta zauna da ita har numfashin ƙarshe. Ya jira ta sallami masu awo, sannan ya miƙa mata littafin. Ta buɗe, ta duba ɓarnar, ta rufe a hankali.

"Baban Zahra'u, me kake son yi?"

"Sista, ɗiyag ga ta hwara mance uwatta," in ji shi. "So nika yi in tara mata komi wuri guda. Ga abin da nig gyara."

Christy ba ta ba shi haƙuri da dogon zance ba. Ta ce ya jira, ta shiga gidanta da ke bayan asibitin, ta fito da wani ƙaton littafi mai bangon kwali, ya yi kumburi har ba ya rufuwa daidai. Na mahaifinta ne, wanda ya rasu tana makaranta. A ciki akwai hotunansa, da wasiƙun da yake aiko mata, da guntun takardar waƙar da aka yi a coci ranar binne shi, kowanne da rubutu a ƙasa: wane ne, ina ne, wace shekara. Shekara goma sha huɗu da haɗa shi, amma babu abin da ya yamutse.

"Ni ma na ɓata biyu kafin wannan," ta ce. "Ba hannunka ne ya yi laifi ba, kayan ne. Ranar kasuwa ka zo mu je wurin Malam Yari."

Malam Yari yana da shagon littattafai da kayan makaranta a bakin kasuwa, da injin fotokofi a lungu. Da ya ji abin da ya kawo su, ya yi wa Almustapha ta'aziyya sabuwa, domin matarsa ma a hannun Mashkura ta haihu. Sai ya shiga sauko da kaya: littattafai masu kyalli, takardun ado masu furanni, wasu 'yan taurari da ake mannawa, selotef fari da ruwan ƙasa.

Christy ta ture mafi yawansu gefe. Ta ce a fara da littafin, shi ne gidan. Ta sa Yari ya kawo manyan littattafan zane, ta riƙa kama shafi tsakanin yatsu biyu tana ɗagawa wajen haske. Wanda ta hango inuwar yatsanta ta bayansa, ta ajiye. Ta tsaya a kan wani mai takarda mai kauri kamar kwali, fari sol ba layi, wanda aka ɗaure shafukansa da zoben waya.

"Wannan in ya cika zai buɗa, ba zai ɓalle ba," ta ce. "Taɓa ka ji."

Almustapha ya taɓa. Ya san bambancin ƙarfe mai kyau da na banza da hannu, sai ya ga ashe takarda ma haka take.

"Selotef hwa?" ya tambaya. "Ai shina riƙo."

"Yana riƙo bana. Zafin garin nan in ya dake shi shekara biyu, sai ya yi ja, ya saki, ya bar maka tabo a hoto. Bar shi."

Maimakon gam na ruwa, ta zaɓi busasshe, irin wanda ake murɗawa ya fito kamar jan-baki. Ta nuna masa a kan wata tsohuwar takarda: ɗigo huɗu a kusurwa, ɗaya a tsakiya, shi ke nan. Ta ƙara da ƙaramin almakashi mai kaifi, ta ce kada ya yanka komai da shi sai takarda, da rula, da fensir don ya riƙa sa alama kafin ya manna. Biro kuwa sai da suka gwada huɗu. Kowanne ta sa ya yi rubutu, ta laso yatsa ta goga a kai. Uku suka zube. Na huɗun, baƙi, ya tsaya, shi suka ɗauka.

Yari ya ɗago taurarin nan ya ce, "Ko guda ba a sawa? Ai don yarinya na."

Almustapha ya dube su, ya tuna Mashkura ba ta son kyalkyali ko a mayafi. Ya girgiza kai. Amma ya ɗauki takardar launi guda ɗaya, shuɗiya mai duhu, don a nan ne ya ga hoto zai fi fitowa. Christy ba ta hana shi ba.

Abu na ƙarshe da ta gaya masa shi ya fi shigarsa. Ta ce duk abin da guda ɗaya ne a duniya, kada gam ya taɓa shi. Takardun shaida a yi fotokofi a manna kofin, na ainihin a sa a ambulan. Hotunan waya a kai a wanke bibbiyu. Tsofaffin hotuna kuwa a tsaga wa shafi 'yan kafofi huɗu da reza, a soka kusurwoyin, ranar da aka so a zare. Littafin da ambulan ɗin duka su zauna a akwatin ƙarfe mai murfi, a sama, ba a ƙasa ba.

"Kuma kada ka ce sai ka gama a mako," ta ce suna fitowa. "Shafi ɗaya. In ya yi maka nauyi ka rufe."

Haka ya yi. Shafin farko ya ci masa yamma uku. Hoto ɗaya ne a kai, Mashkura riƙe da Zahra'u ranar suna, a kan shuɗiyar takardar nan, da layi biyu na rubutu a ƙasa wanda sai da ya gwada sau biyar da fensir. Bayan nan hannunsa ya saba. Amma da ya kai shafi na tara sai ya ga abin da ya sani ya ƙare. Shekara shida kawai suka yi tare, ita kuwa ta yi talatin da ɗaya a duniya.

Sai ya fara tafiye-tafiye. Wata Asabar ya hau babur ya nufi Maikujera, can ƙasar Rabah, inda aka fara tura ta aiki tun ba su haɗu ba. Bai san kowa ba, sunanta kawai ya ambata a ƙofar mai unguwa. Kafin azahar mata sun fi goma a zauren. Wata mai suna Ruƙayyatu ta aiko da katin rigakafin tagwayenta, duk da rubutun Mashkura, ta ce ya ɗauki hotonsa amma katin gidanta zai koma. Ta ba da labari daga bayan labule cewa ranar haihuwar ana ruwa, hanya ta yanke, Mashkura ta tuɓe takalmi ta ratso laka har gwiwa. Almustapha bai taɓa jin wannan ba. Ya rubuta a bayan wata takarda.

Rimawa ya bari ƙarshe, don ita ya fi jin nauyi. Can ne gidan su Mashkura, a ƙasar Goronyo, kuma surukarsa Inna Kaltume tun rasuwar ba ta yarda a ambaci sunan ɗiyarta a gabanta. Ya je da Zahra'u ranar wata Juma'a bayan an girbe gero. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, suka yi ta "lahiya lau" kai a sunkuye, yarinyar kuwa ta shige cikin 'yan uwa. Sai da aka kawo fura ya sha, sannan ya kwance ɗankwalin da ya naɗe littafin.

"Mi na na wanga?" in ji tsohuwar.

Ya faɗa mata. Ta kau da kai wajen rumbu.

"Ni ban iya kallon hotunan ga, Malam. Wanda yat tahi, addu'a aka yi mai."

"Gaskiya ta, Inna. Ba don ki duba niz zo da shi ba. Ƙuruciyatta nika biɗa, ni ban san ta ba. In ba ki hwaɗi ba, babu mai hwaɗa ma Zahra'u."

Ya fara naɗe littafin. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, ya karanta mata abin da ya rubuta, ita ba za ta duba ba. Ya buɗe, ya karanta shafin suna, ya karanta na Maikujera da lakar. A nan ya ji ta ja numfashi. Ya zo shafin da ya rubuta wa yarinyar halayen uwarta: mai haƙuri ce, ba ta faɗa, ba a taɓa jin muryarta a waje ba.

"Tsaya nan," in ji Inna Kaltume. Ta juyo gaba ɗaya. "Wa yac ce maka?"

"Haka nis san ta, Inna."

"To kai ka same ta bayan ta huce. Mashkura? Tana shekara tara tab bugi ɗan maƙwabci da muciya don ya taɓa mata akuya. Ubanta yac ce ba ta zuwa makarantar kwana, tay yi kwana ukku ba ta ci tuwon gidan ga ba, sai da yas sa hannu ga takarda. Haƙuri daga baya tak koye shi, da wuya kuwa. Kak ka ba ɗiyag ga uwad da ba a yi ba."

Almustapha ya ciro fensir. Tsohuwar ta ce a'a, da wanda ba ya goguwa. Ya ciro baƙin biron, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kwanan wata da sunan garin a sama. Ta fara tun daga daminar da aka haife ta, tana yi tana share ido da bakin zane, wani wurin kuma dariya ta ƙwace mata. In ya yi saurin wucewa ta ce ya maimaita mata, ta gyara. Har aka kira la'asar suna shafi na uku, ba su kai ga shigarta aji ɗaya ba.

Da zai tafi, ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wani tsohon zanen saƙi da ta goyi Mashkura da shi. Ta ce za ta yanko masa ya sa a littafin, ya ce ai guda ɗaya ne, kada a yanka shi. Ta ce nata ne, ita ke da iko da shi. Ta karɓi ƙaramin almakashin da aka ce na takarda ne kawai, ta yanko kamar faɗin tafin hannu daga gefe, ta miƙa masa. Sannan ta ce ya bar mata Zahra'u ta kwana bakwai, ranar da zai zo ɗaukarta ya taho da littafin da biron, akwai saura.