Lalas a Kafaɗar Farar Goɗiya

Goɗiyar ta kwana lafiya, ta wayi gari a kan ƙafa uku. Ta gaba ta dama ce ta ɗage, bakin kofaton kawai take ɗan danganawa a ƙasa, gumi yana tsattsafo mata a wuya tun rana ba ta yi zafi ba. Asumane ya ajiye bokitin dusa a ƙofar barga.

Shi ne mai kula da ita a gonar dabinon Haj Miftah da ke Zigan, can wajen Sabha. Haj yana da shaguna a Gurda, amma duk wanda ya san shi ya san goɗiyar nan ce ransa. Fara ce sol, ba tabo ko ɗaya, ita yake hawa duk bikin da za a yi sukuwa. Ya tafi Tarabulus, ya bar ta a hannun Asumane. Shi kuwa Asumane baƙo ne a ƙasar, ba shi da takarda ko ta naɗe ƙosai. Katangar gonar nan ce kawai ta rufa masa asiri: a cikinta yake da ɗaki, a ɗakin kuma ga matarsa Mansura da tsohon ciki. In aka kore su, sai bakin titin Jadid, inda motar sintiri take kwasar baƙi ba a kuma jin labarinsu.

Ya shafa ƙafar daga kafaɗa har ƙasa. Ba kumburi, ba rauni, ba jini. Ya ɗaga kofaton ya kankare shi tas, bai ga ko tsinke ba. Ya ji shi da ɗumi, amma ya ce ai rairayin Fezzan ba abin da ba ya ɗumamawa. Rashin ganin komai ɗin nan ne ya fi tsorata shi.

“Ka kira lokotoron bisashe mana,” in ji Mansura.

“In na kira shi, kafin ya tada mota ya buga ma Haj waya. Mi zan ce na yi mata?”

Sai ya tsallaka gonar maƙwabta ya kirawo Shekarau, wani dattijon garinsu da ya tashi cikin dawaki a ƙasar Dakoro. Shekarau ya zagaya goɗiyar yana gyaɗa kai, ya danna kafaɗar, ta zabura. Dabbar da ke cikin azaba ko ina ka danna ai sai ta zabura, amma wa yake da natsuwar wannan tunanin?

“Kahwaɗa ce, jijiya ta hau. Lalas za mu yi mata.”

“Kawu, wuta a jikinta?”

“Kai yaro, dokin ubanka ba shi da lalas? Kafin maigida ya komo ta miƙe.”

Shekarau ba mugu ba ne, ba kuma ƙarya ya yi ba. A garinsu doki mai zanen wuta ba abin kunya ba ne, shaida ce ma ta cewa mai shi bai yi sakaci ba. Abin da su biyun suka manta shi ne nan ba garinsu ba ne.

Suka hura garwashi, suka sa lauje har ya yi ja. Asumane ya riƙe linzami ya runtse ido. Ƙaurin gashi ya cika bargar, goɗiyar ta yi wata irin haniniya da ta sa Mansura toshe kunne a ɗaki.

Ba ta miƙe ba. Kwanakin da suka biyo baya ma abin ƙaruwa ya yi, har ta daina kallon ciyawa. Asumane ma ya daina cin abinci. Duk motar da ta wuce a bayan katanga sai ya leƙa ya ga ko Haj ne.

Ran Alhamis da safe wani ɗoyi ya tarye shi a ƙofar barga. Ya durƙusa. Can saman kofaton, daidai inda gashi ya ƙare, wuri ya fashe, baƙar mugunya tana tsiyaya. Goɗiyar kuwa ta sauke ƙafarta, tana tsaye a kan huɗu tana jan harawa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ƙwala wa Mansura kira. Ta zo ta tsaya, amma ba ƙafar take kallo ba. A kan farar kafaɗar ga baƙaƙen layuka sun yi ɓawo, ana hango su daga bakin rijiya. Asumane ya ɗauko buhu ya lulluɓe kafaɗar.

Da hantsi motar Haj ta shigo. Bai ko leƙa dabino ba, barga ya nufa. Ya ga ɗan ɗingishin da ya rage, ya tsuguna, ya matsa wurin da babban yatsa, ya shinshina. Asumane ya jira ashar, sai ya ji dariya.

“Ƙurjin cikin kofato ne,” in ji Haj da Larabci, a hankali don ya gane. “Ƙayar dabino ce take shiga, ƙofar ta toshe, mugunya ta rasa hanya. Ta taɓa yin sa. Ruwan ɗumi da gishiri, shi ke nan. A kan wannan ka rame haka? Da ka buga mini waya ai da na gaya maka.”

Ya miƙe, ya dafa kafaɗar Asumane, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya juya.

“Wannan buhun fa, cikin zafin nan?”

Ya janye shi.

Bai yi ihu ba. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa, goɗiyar tana goga masa hanci a ƙirji. Daga nan ya ɗago, ya dubi ƙofar ɗakin inda Mansura take tsaye ta tallafe cikinta, ya miƙo wa Asumane tafin hannunsa.

“Makullin ɗakin,” ya ce.