Gwaibar Kan Idon Ruwa

"Shanunka su hau tudu su ci ciyawata," in ji Don Eleuterio, "kai kuma ka riƙe min idon ruwa. Cinikin ke nan."

Nicanor, maƙwabcinsa, yana tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu. Tsohon yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga.

"Wannan ai kyauta ce, Baba."

"Kyauta a gidan wa? Buɗe kunnenka. In ka sare gwaiba, ka shafa wa kututturen maganin kashe itace nan take, tun yana jiƙe, kafin ka ɗaga adda kan ta gaba. Sannan in gwaiba ta nuna, ka sauko da shanunka. In suka ci 'ya'yan, suka yi kashi, kowane kashi gonar gwaiba ce."

"Ni za a koya wa gwaiba? A cikinta aka haife ni."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Suka tafa. Zoila, matar tsohon, ta kawo musu kofi, ta ce ita ce shaida.

Shekara talatin da ɗoriya Eleuterio ya yi yana yaƙi da gwaiba a tudun tsibirin San Cristóbal. Kakanni ne suka kawo ta tsibirin don a sha, ita kuwa ta ƙi zama a bayan gida, ta haye dutse, ta kori itatuwan asali masu tare hazo suna ɗigo da shi ƙasa. Ba wanda ya sa shi aikin. Gida goma sha huɗu ke shan ruwan idon nan ta bututu, amma ba mai hawa ya ga inda yake fitowa. Iyakarsu su kira shi mahaukacin gwaiba.

Nicanor ba mugu ba ne, wayo ne ya yi masa yawa. Ranar farko ya yi yadda aka ce: sara, durƙusa, buɗe gwangwani, shafa, miƙe. Kafin rana ta karkata bayansa ya ƙage, itace ashirin kacal ya kayar. Ya ce a ransa tsufa ne ya koya wa Baba wannan nawar. Sai ya koma sara wuni guda, washegari ya bi kututturan da magani. A mako uku ya share abin da tsohon kan yi a wata biyu. Da gwaiba ta nuna kuwa, shanu suka soma sheƙi, nono ya ƙaru, ya ce bari ya ƙara musu mako ɗaya. Makon nan bai ƙare ba har yau.

Busasshen kututture ba ya shan magani. Kowanne ya tofo da rassa goma, a tsakaninsu kuma duk inda saniya ta tsuguna, tsiro ya taso cunkus. Shanun suka tattake bakin idon ya zama caɓi. Tsohon ya ja shekara biyu a kwance, a rani na biyu bututu ya yi tari ya yi shiru. Unguwa ta koma sayen ruwa a motar tankin wani mai suna Wilfrido. Zoila ta ce wa mijinta bututu ne ya fashe.

Ran wata Talata da safe ta leƙo ta kan shinge.

"Maƙwabci, ya daina karɓar abinci. Ruwan tudu yake so. Ya ce kai za ka ɗebo da hannunka."

"Doña Zoila, ai kin san…"

"Na sani. Kai ma ka sani. Je ka."

Ya hau da kwalba. Sai da ya sare hanya da adda kafin ya kai wurin, domin gwaiba ta fi shi tsayi. Ya tarar da laka da sawun kofato. Ya tona da hannu har gwiwar hannu, ya zauna yana jira, abin da ya taru bai cika cokali uku ba, shi ma launin ƙasa. Ya sauko, ya cika kwalbar a randar gidansa, ya naɗe ta da ɗanyen ganye don ta yi sanyi.

Zoila ta tallafo kan tsohon. Ya kurɓa, ya riƙe ruwan a baki, ya daɗe kafin ya haɗiye.

"Ruwan mota," ya ce.

Kaza ta shigo ɗakin, ba wanda ya kore ta.

"Nicanor. Nawa kake sarewa a wuni?"

"Ɗari da wani abu, Baba."

"Jarumi. Ni ashirin." Ya ja numfashi. "Shanu sun yi ƙiba?"

"Sun yi."

"To madalla. Ko banza wani ya ƙaru."

"Baba, zan gyara. Na rantse zan…"

"Da wane bayan? Naka da ke ƙagewa kafin rana ta karkata?"

Ya juya fuska wajen bango. Zoila ta sake miƙa masa ruwan, ya ture da bayan hannu. Kafin ƙararrawar coci ta buga sha biyu ya cika.

Duk gidaje goma sha huɗun sun zo jana'iza. Fada, limamin coci, ya yi magana mai daɗi a kan ruwan rai. A bakin maƙabarta wata mata ta tambayi Nicanor yaushe za a gyara bututun nan.

Wilfrido ya sayi mota ta biyu kafin shekara ta zagayo. Nicanor ya sayar da bijimai huɗu da daraja, ya yi rufin kwano. Gwaiba ta ci tudun har ƙoli. Zoila kuwa, da shekara saba'in a duniya, ita ke jan jarka daga bakin titi kowace Asabar, kuma ba ta sake gaida Nicanor ba.

Ranar da tsohon ya cika shekara da rasuwa, Nicanor ya je kabarin da adda don ya share ciyawa. Daidai wajen kai ya ga ɗan tsiron gwaiba mai ganye huɗu. Ya durƙusa ya tuge shi. Yana ɗago ido ya ga wasu uku a wajen ƙafa.