Kajin Malam Hauhawa

Shekara ashirin da tara na yi ina koyar da tattalin arziki a makarantar sakandare, kuma babu babin da nake ji da shi kamar na hauhawar farashi. Har ɗalibai suka laƙaba mini Malam Hauhawa, a zatonsu ban sani ba. Na sani sarai, kuma sunan yana mini daɗi a rai. In na kama alli na fara jero dalilan da ke sa kaya su yi ta tashi ba sa saukowa, sai an kaɗa ƙararrawa sau biyu kafin in saki aji.

Da na yi ritaya aka ba ni kuɗin sallama, sai na gina ɗakin kaji a bayan gida, na zuba masu ƙwai guda ɗari huɗu. Duk abin da na mallaka ke nan, ban bar ko na sayen takalmi ba. Maiɗakina ta ce in ajiye wani abu a gefe, na ce mata wanda ya koyar da tattalin arziki ba kaza ce za ta ba shi wahala ba.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kaji ɗari huɗu suna cin buhu biyu a rana, buhu sittin ke nan a wata. Su kuma suna ba ni kiret goma sha ɗaya na ƙwai kullum, wata rana har da 'yan kai. Farkon wata sai in je shagon abincin kaji in sayo buhu sittin, in haɗa abin da na biya da kuɗin magani da ɗan ladan wahalata, in raba a kan ƙwan wata, in rubuta farashin kiret a wani allo da na rataye a bakin ƙofa. Farashin nan ba ya motsi sai abincin da na sayo ya ƙare. A ganina gaskiya ke nan. Kaza ta ci abincin tsohon farashi, don me zan sayar da ƙwanta a sabo?

Akwai kuma abin da ya fi wannan ƙarfi a zuciyata. Cikin dalilan da na koyar, wanda na fi tsana shi ne mai kaya ya ƙara kuɗi yau don kawai yana tsoron gobe za a ƙara masa. Wannan ya ƙara, wancan ya gani shi ma ya ƙara, sai tsoron ya tabbata. Na sha gaya wa yara cewa faɗuwar darajar kuɗinmu da tsadar mai ba a hannunmu suke ba, amma wannan kam a hannunmu yake. To ga shi yanzu na zama mai kaya, sai na ɗaukar wa kaina alkawari ba za a sami hannuna a ciki ba.

Watanni huɗu komai ya tafi daidai. A na biyar na je shago da kuɗin buhu sittin, mai shago ya danna na'urarsa ya ce hamsin da biyar za su ba ni.

Na ce, “Kai ma ka shiga sahun masu ƙari?”

Ya ce, “Malam, ni ɗan aike ne. Masara ta yi tsada, damina ba ta yi kyau ba. Sinadarin da ake haɗawa a ciki daga waje ake kawo shi, kuɗinmu kuma ka ga yadda ya koma. Masu niƙa ba sa samun wutar lantarki, da janareto suke aiki. Ga direban da zai kai maka nan, tambaye shi nawa ya sha mai yau.”

Direban bai jira tambaya ba, ya ce mai daban, taya daban, don hanyar ta cinye masa biyu a wata guda. Na tsaya ina gyaɗa kai kamar mai duba takardar jarrabawa. Duk abin da suka faɗa yana cikin littafina, har ma sun manta da guda, wato gwamnati ta riƙa kashe abin da ba ta da shi, a cike giɓin da sababbin takardun kuɗi. Na ƙara musu wannan kyauta, na cika buhu biyar daga ladan wahalata, na koma gida.

Na gyara allo daidai da sabon kuɗin da na biya. Amma kafin wata ya ƙare buhu ya sake tashi, ni kuwa allona yana nan inda na bar shi. Kullum ina baya da wata guda, kamar mai bin motar da ta riga ta tashi. Wata na shida kuɗina suka sayi buhu hamsin. Na bakwai, arba'in da uku, kuma babu sauran ladan wahala da zan cika da shi.

Ciniki kuwa sai abin da ya ƙaru. Tun da safe ake layi a ƙofar gidana, har daga wasu unguwanni ake zuwa. Ina kallon layin ina jin kaina wani babban mutum, wai ni ne na tsaya wa talaka.

Maiɗakina ta ce, “Malam, layin nan ba na ƙauna ba ne, na araha ne.”

Na ce, “Ke ba ki karanci abin nan ba.”

Ta ce, “Ban karanta ba. Amma ni nake share ɗakin ajiya, kuma kowane wata wurin sharar ƙaruwa yake yi.”

Abin da na yi daga nan har yau ina jin kunyarsa. Na sayo dusa mai araha na riƙa gauraya wa kaji da abincinsu, don buhu arba'in da uku su kai ƙarshen wata. Kaza ba ta san alkawarin da na ɗauka ba, cikinta kawai ta sani. Cikin mako biyu kiret goma sha ɗaya suka koma takwas, suka koma biyar. Ƙwan ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi, ka ɗauka ya fashe a hannunka. Kajin suka rame, suka fara tsigar gashin juna, kuma duk lokacin da na buɗe ƙofa sai su taso mini da kuka gaba ɗaya. Na daina son shiga ɗakin, sai in tsaya daga waje in leƙa ta raga.

A watan da ya biyo baya, ranar da na ƙirga buhu shida a ɗakin ajiya, alhali wata bai ko raba ba, na san magana ta ƙare. Na kira dillalin da ke sayen kaji don yanka, muka yi da shi zai zo ranar Asabar da safe ya kwashe duka. Abin da zai ba ni bai kai rabin abin da na zuba ba. Na gaya wa maiɗakina ina kallon bango. Ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, ko da yake tana da iko. Ta ɗauki mayafinta kawai ta ce za ta je ta dawo.

Ranar Asabar dillali ya iso da motarsa cike da kejina. Yana cikin sauke su sai ga mai kek ta shigo. Ita ce babbar mai sayen ƙwaina, kiret uku take ɗauka kullum don kek ɗin da take kai wa kantuna. Ɗalibata ce a da, irin masu zama a bayan aji, kuma ban taɓa zaton darasina ya shiga kanta ba.

Ta gaishe ni, ta dubi kejinan, ta ce wa dillali, “Bawan Allah, ɗan dakata tukuna.” Sannan ta juyo gare ni. “Malam, Mama ta je wurina ta gaya mini. Na zo neman gafara ne, na kuma zo roƙo.”

Na ce, “Gafarar me?”

“Na daɗe da sanin ƙwanka ya yi araha fiye da kima. Na sani na yi shiru, don yana mini daɗi. Ni in zan yanke wa kek farashi, ba kuɗin fulawar da na saya nake dubawa ba, na wadda zan sayo in wannan ta ƙare nake dubawa. In ba haka ba da tuni na rufe. Na ga kai ba ka yin haka, na ce ai Malam ya fi ni sani.”

Na ce mata ai abin da take yi shi ne ainihin cutar, kowa yana ƙari don tsoron gobe. Na ji muryata ta koma ta aji, har na ɗaga yatsa.

Ta ce, “To Malam, arahar da ka yi, wa ta sauke wa farashi? Mai kantin bakin titi a wurinka yake saye, ya je ya sayar yadda kowa ke sayarwa. Rabin masu layin nan haka suke yi. Kasuwa ba ta ma san kana yi ba, kajinka ne kawai suka sani.”



Ta ci gaba, “Kuma kai ka koya mana cewa in kaya suka yi ƙaranci dole su yi tsada. Yau in mutumin nan ya kwashe kajin nan, kiret goma sha ɗaya sun fita daga unguwar nan ke nan. Sai mun hau mota mun je nesa mun sayo, mu ɗora kuɗin motar a kai. Ashe ka ga hannunka ya shiga ciki, ta ƙofar baya.”

Dillali ya yi dariya ya ce, “Malam, wannan ɗalibar taka ta ci jarrabawa.” Na harare shi, amma gaskiya ya faɗa.

Ta ce, “Ban ce ka ƙara don tsoro ba. Duk ranar Litinin ka kira mai shago ka ji nawa buhu yake a ranar, ka rubuta allonka da wannan. Na yi magana da mai gidan abinci da matar da ke dafa wa makarantar kwana, duk mun yarda. Roƙonmu ke nan, don Allah ka ƙara mana kuɗi.”

Shekarata sittin da ɗaya, ban taɓa jin mai saye ya roƙi a ƙara masa kuɗi ba.  Ta ciro allon daga ƙusa, ta goge shi da gefen hannunta, ta miƙo mini alli. Na kira mai shago na ji kuɗin buhu na ranar, na yi lissafi, na rubuta. Adadin ya kusa ninka na da. Ta karanta ba ta ko ƙifta ido ba, ta ɗauki kiret uku na ƙananan ƙwan nan marasa kyan gani, ta biya a sabon farashi.

Ba duka kajin suka tsira ba. Babu yadda zan ciyar da ɗari huɗu da abin da ke hannuna, don haka muka shiga da dillali muka ware ɗari da talatin da suka fi ramewa. Yana cusa su a keji ina kau da kai, don ni na ramar da su, ba cuta ba. Kuɗin da ya ba ni ban bari sun wuni a aljihuna ba. Na bi motarsa ya sauke ni a shago, na sayo abinci na gaske, wanda babu dusa a ciki, kafin rana ta take.

Ni da maiɗakina muka zuba musu. Ina farke buhu tana ɗiba da roba tana bin mazubai ɗaya bayan ɗaya. Kajin suka yi ca a kai, suna hawa kan juna, sannan a hankali kukan nan da na yi makonni ina gudu ya ɗauke. Ba ka jin komai a ɗakin sai ƙarar bakuna a jikin mazubi.

Mai shago ya ce sai sun yi kamar mako uku kafin ƙwai ya dawo yadda yake, wasu ma ba za su dawo ba. Ban damu ba. Na zauna a kan buhun da ba a farke ba ina kallonsu, ina gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen da suka fi ni gane abin da na koyar, kuma ba su bar ni na nutse da taurin kaina ba.

Na ce wa maiɗakina, “Da ba ki je wurinta ba, da yanzu ɗakin nan babu kowa.”

Ta kakkaɓe robar a gefen mazubi ta ce, “Da na gaya maka da bakina ba za ka ji ba. Dole sai da na nemo maka wadda ta yi makaranta.”

Na ce, “Na gode.” A shekara talatin da huɗu na aurenmu na sha faɗa mata haka in ta miƙo mini ruwa ko abinci, amma ban taɓa faɗa mata don ta fi ni gaskiya ba. Ta dube ni ta ga idona ya kawo ruwa, sai ta yi kamar ba ta gani ba.

Ta ce, “Tashi daga kan buhun nan, Malam. Na can ƙarshe ba su samu ba.”